Takun Mai Takaba

SHAFI NA 17

Daren Juma'a, an sallame isha'i ke nan, ƙarar ta dawo.

Dim. Dim. Dim.

Ina kwance a tabarma, fitila a kashe, idona a rufin siminti. Tsakar da ke kwana bayan kalandata ta fito ta tsaya cak, kamar ita ma saurare take yi.

Na san daka. Uwata ta daka gero shekara arba'in a ƙasarmu ta Kurfai, kuma daka tana da numfashinta: taɓarya ta tafi sama, ta ɗan yi jinkiri, ta dawo. Wannan taku ne. Ƙafa ta hau kan wani abu, ɗaya ta bi ta, su sauko.

Na ƙirga. Talatin da uku, shiru. Talatin da uku, shiru. Talatin da huɗu. Sai a sake daga farko.

Aji huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, aka cire ni aka kai ni gona, amma ƙirga ba ta sake ni ba. Na san matakalar gidan nan goma sha tara ce, ta ƙarshe ta fi sauran gajarta da yatsa biyu. Na san a daren nan maƙwabcina Abdurrazak ya kwana sittin da biyu a kabari. Na kuma san babu kowa a ɗakin da ke saman kaina sai matarsa Latifa, tana takaba.

Ku da kuke rubuto mini kuna cewa in yi sauri in faɗi abin da ke saman benen, ku yi haƙuri da tsoho, da yatsa ɗaya nake rubutu. Amma kun tuna abin da na gaya muku can baya. Ba wannan karon na fara jin takun ba. Bara ma na ji shi, wata biyu cur, lokacin mai ɗakin yana raye. Sai dai a lokacin ƙafa huɗu ce, biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi.

Na yi ta saƙe-saƙe a lokacin. Na ce ko rago suka ɓoye a falo, tunda shi ma'aikacin gidan likitan dabbobi ne. Na ce ko wani inji ne na Yamai da ba a kawo irinsa Filinge ba tukuna. Da barci ya gagare ni, na je wurin Habibu, wakilin mai gidan hayar, na ce masa ko a daina ko in tashi. Na roƙe shi kada ya kama sunana.

Aka daina.

Wata biyar bayan nan Abdurrazak ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar wurin aikinsa. Hawan jini, in ji likita. Ni na riƙe butar da aka yi masa wanka. Ban haɗa wannan da wancan ba. Allah ya sani ban haɗa ba.

*

Dare tara a jere ana takun.

Ranar kasuwa da hantsi ina zaune a benci a gindin matakala, sai ga Hajiya Mas'uda ta fito daga tasha. Yayar marigayi ce, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, tana zaune a wani ƙauye gaba da Bonkuku. Abin da na fara lura da shi buhu ne a hammatarta, ninke, babu komai ciki. Mai zuwa kasuwa da buhu kasuwa yake nufa. Ita ta juya wa kasuwa baya.

"Salamu alaikum, dattijo."

"Alaikumus salam. Hajiya, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah. Kai na Magagi, mai kwana ƙarƙashinsu?"

"Ni ne."

"Kana jin abin da anka ce ana ji?"

"Ana ɗan jin motsi."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana tara."

Ta gyara buhun. Idonta irin na marigayi ne sak, har jijiyar da ke gefe.

"Da ƙanena shina raye, ka taɓa jin irin shi?"

Na tuna Habibu. Na tuna butar. Na tuna akuyata da marigayi ya yi wa allura sau biyu bai ce in kawo ko goro ba. Mutum ya kai ƙarar maƙwabci irin wannan, maƙwabcin ya mutu, sannan ya tsaya gaban yayarsa ya ce ni ne?

"A'a, Hajiya," na ce. "Mutum ne mai natsuwa. Ko tarinsa ban taɓa ji ba."

"To, haka ni san shi. Taso ka zama shaida. Ba ni son a ce na shiga ɗakin mai takaba na yi mata ƙage. Na kama mata wuri cikin mota, direba ya ce ana yin azahar za shi tashi."

Sai a lokacin na gane aikin buhun.

Muka hau. Sau biyu Hajiya tana tsayawa, a ta bakwai da ta goma sha huɗu, hannu a bango, tana haki. Gidanmu ba tsakar gida, ba itace, ba inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ga sama. Ɗaki biyu da falo, ƙofa na kallon ƙofa. Duk lokacin da na hau benen nan sai in ji kamar an jera mu ne a kan kanta, irin gwangwanin tumatir.

Ƙofar da ke kallon ta Latifa a buɗe take. Salamatu ce tsaye, matar Mushe Zaidu malamin lakkwal, mu nan ma'aikaci ɗan boko Mushe muke ce masa. Daga Abala aka maido su, mako guda kafin rasuwar. Ta durƙusa ta gai da Hajiya ba tare da ta ɗago kai ba, wayarta a hannu tana ta juya ta. Ban tambayi kowa ba na san wanda ya aika saƙo ƙauye.

Hajiya ta yi sallama ta shiga. Ni na tsaya a bakin ƙofa, inda ya dace namiji ya tsaya.

Latifa na zaune a tabarma, zane marar ado, farin mayafi, ba kwalli. Fuskarta ta ɗan kumbura. Ta yunƙura za ta tashi.

"Zamna," in ji Hajiya.

"Yaya, sannu da zuwa. Ba ki ce kina tafe ba. Bari in kawo ruwa."

"Ban zaka shan ruwa ba. Kwananki nawa cikin takaba?"

"Saba'in da ɗaya."

"Saura?"

"Kusan wata biyu."

"Ashe kina ƙirgawa. Na ɗauka kiɗa ya sa kin manta."

"Wane kiɗa, Yaya?"

"Shi ni zaka tambaya. An ce dare ba ya yi sai ƙahwa ta tashi cikin ɗakin ga. An ce har sai kwano ya yi ƙara a kicin ɗin maƙwabta. Ni na yi takaba sau biyu, Latifa. Mai takaba ko kaza ta shiga mata ɗaki ba ta korar ta da gudu. Ƙanena bai gama sanyi cikin ƙasa ba, ke kina rawa bisa tabarmatai."

"Ba rawa ba ce."

"To iskoki na? Hwaɗi, in su na a nemo masu magani. Wannan ba abin kunya ba ne awa wancan."

"Ba iskoki ba ne."

"Kurfai duka an ji. Jiya wurin rijiya wata tac ce mini, Hajiya, ashe amaryar birni ta fara murnar gado."

Latifa ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba. Tun ranar sadakar arba'in ban sake ganin hawayenta ba, kamar sun ƙare ne kawai.

Hajiya ta warware buhun ta jefa a tsakiyar falo.

"Zuba tuhwahinki. Sauran kwanakin a ɗakina za ki yi su, gaban idona."

"Yaya, in na tafi ƙauye ba zan dawo da ƙafata ba."

"Mi za mu yi miki? Cinye ki?"

"Hawan jini gare ni, tansiyona goma sha tara ne. Ran Talata majo, malamin asibiti, ya auna, ya sake aunawa a ɗaya hannun don bai yarda ba. Baban Anisa da sha takwas ya faɗi."

Anisa ita ce 'yarsu tilo, tana karatu a Yamai.

Hajiya ta ce, "Ki taho da ƙwayoyinki. Ruwan sha dai akwai."

"Ya ce ƙwaya kaɗai ba ta isa. In rage gishiri, in motsa jiki minti talatin kullum, har sai zuciya ta buga da sauri na yi zufa. Duk mako in je ya auna. Daga ƙauyenku zuwa wurin awo, Yaya, ke kin sani."

"Mu da ba mu awo ga mu nan raye. Mu yi daka, mu ɗebo ruwa, wa ka da tansiyo cikinmu?"

"In na je za ki bar ni in yi daka?"

"Mai takaba a gidanmu ba ta taɓa taɓarya."

"Rijiya fa?"

"Ba ta zuwa."

"To zama zan yi."

"Zama shi na takaba."

Latifa ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro ɗan karnen asibiti, littafin nan mai shuɗin bango.

"Ga shi a rubuce."

Hajiya ta karɓa ta juya shi, ta miƙo mini ta bayan kafaɗarta. "Dattijo, an ce ka taɓa lakkwal. Mi anka rubuta?"

Rubutun majo kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya. Na kai takardar bakin haske. Na gane sunan Latifa, na gane goma sha tara, na gane talatin. Kalma ɗaya na iya cirowa daga sauran.

"An ce tafiya, Hajiya. Minti talatin."

"Tahiya. Kin ji? Tahiya anka ce, ba tsalle ba."

"Ina zan yi tafiyar?" in ji Latifa. Muryarta ba ta tashi ba. "Na tambayi liman, ya ce lalura ce, in fita da rana. Rana ɗaya na fita. Daga nan zuwa famfo mata uku suka tsayar da ni, wai lafiya mai takaba ke sauri haka? Kafin in dawo kin kira ni a waya, kin tuna? Kika ce kada in sake. Matakala kuma titi take kallo, duk 'yan tasha na gani. Falon nan taku shida ne. Na gwada zagaya shi, jiri ya ɗebe ni."

Taku shida da rabi ne. Irin nawa ne, na auna. Ban faɗa ba.

"To gwada mini," in ji Hajiya. "Abin da ki ka yi, yi shi in gani."

"Gaban Baba Magagi?"

"Shi ka jin shi kullum. Yau shi gani."

Na kawar da kai, amma ido ba ya jin magana.

Latifa ta tashi ta shiga bayan labule ta jawo wani abu a ƙasa. Bulo ne na siminti, an naɗe shi da tsohon buhun abincin dabbobi, an ɗaure da igiya. Ta ɗauki carbi a kan akwati. Ta gyara mayafinta, ta ɗora ƙafar dama, ta hagu ta bi, ta sauko, ta ja ƙwayar carbi ɗaya.

Dim.

Ta sake.

Dim.

Leɓɓanta na motsi. Subhanallah take cewa.

Kusan shekara guda ina ɗauke da lissafin nan a kaina, talatin da uku, talatin da uku, talatin da huɗu, ina neman injin da ke aiki haka. Ni da nake jan carbi sau biyar a rana.

Ba ta kai ashirin ba Hajiya ta ce, "Ya isa."

Latifa ta tsaya tana haki, zufa a goshinta.

"Wa ya koya miki sunan Allah bisa bulo?"

"Ƙanenki."

"Kada ki sa shi ciki."

"Shi ya kawo bulon, Yaya. Guda biyu ya kawo."

Ta ɗaga labulen. Ga ɗayan can a kusurwa, shi ma a naɗe da buhu, buhun ya lotsa a tsakiya. An ajiye takalman marigayi a kai, baƙaƙen nan da yake zuwa aiki da su.

"Bara ne majo ya fara gaya masa," in ji Latifa. "Ya ce ya riƙa tafiya da sauri kullum. Ya gwada. Kin san Filinge. Babban mutum ba ya tafiya a ƙasa a garin nan. Duk mai babur sai ya tsaya, Mushe lafiya, motar ce ta lalace, hau in kai ka. Duk ƙofa sai an gaisa, ya gida, ya yara, ya saniyar nan da ka duba. Ya ce mini minti talatin ɗin gaisuwa ta cinye ashirin da biyar. Wajen gari kuma ba a zuwa yanzu, don rashin tsaro. Shi ne ya ce to a rufe ƙofa a yi a ɗaka. Kunya yake ji, sai na ce zan taya shi. Ba mu da agogon bango, sai ya ce a yi da carbi, a samu biyu, lafiya da lada."

Hajiya ba ta dube ta ba. Takalman take kallo.

"Wata biyu muna yi. Tansiyonsa ya sauka zuwa sha huɗu. Ya dawo daga awo ran nan da tsire a takarda, yana dariya, na ce tsire da gishiri, ya ce yau dai ɗaya."

"In haka na, mi ya kashe shi?"

"Ya daina."

"Don mi?"

"Habibu ya zo ya ce wani a gidan nan ya kai ƙara, wai muna hana shi barci. Bai faɗi suna ba. Kin san ƙanenki. Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce shi da ake kira a raba faɗan makiyaya da manoma, yau shi ake kai wa ƙara kamar yaro. Na ce mu shimfiɗa bargo ƙarƙashi, na ce mu koma yi da rana. Da rana yana aiki, in ya dawo rufin nan kamar tanda. Ya tura bulon can ya ce a bar shi, zai nemi wata dabara. Bai nema ba."

Ban san lokacin da na kama ƙyauren ƙofar ba.

Akwai wani abu da ke faruwa da ni tun ina yaro, in magana ta yi nauyi sai hankalina ya gudu wurin ƙaramin abu. Sai na tsinci kaina ina kallon igiyar da aka ɗaure bulon da ita. Ƙullin makiyaya ne, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙi a ƙafa, in ka ja gefe ɗaya ya kwance. Ina ta tunanin wane Bafillace ne ya koya masa.

Wata biyar. Na sha barci a watannin nan, barci mai daɗi.

Hajiya ta zauna a kan akwati. Tun da ta shigo sai yanzu ta zauna. Ta murza gwiwarta.

"Ni na goye shi," ta ce. "Yaron da ko a biki ba shi ɗaga ƙahwa. Da anka yi aurenku mata sunka ja shi tsakar fili, yat tsaya awa turke. Yau ki ce mini shi na mai hawa bulo shina sauka, da hurhura a kai."

"Don kada ya mutu ne, Yaya."

"Bulo ba shi magana. Takalmi kowa na iya ɗora shi."

"Me zai sa in yi masa ƙarya?"

"Mi zai hana? Shi ba shi tashi shi ƙaryata ki." Ta nuna ni da haɓa. "Ga dattijo nan. Ƙarƙashinku shi ka kwana. Yanzu a ƙasa na tambaye shi, ya ce da ƙanena na raye ko tarinai bai taɓa ji ba."

Latifa ta juyo ta dube ni.

Tun da ta shiga takaba ni nake karɓo mata magani a farmasi, ni nake sayo mata kayan miya ranar kasuwa in rataye a ƙofa. Ba tuhuma a idonta. Mamaki ne kawai, irin na wanda ya taka matakala ya tarar ba ta nan.

"Wataƙila Baba yana barci da wuri a lokacin," ta ce a hankali.

Ita ce ma take nema mini mafita.

"A kira Habibu," in ji Salamatu daga bayana. Ban san ta matso ba. "In dai an kai ƙara, shi ya sani."

Hajiya ta ce, "Kira shi."

Salamatu ta danna ta sa a kunne. Zuciyata ta buga yadda majo yake so, ba tare da na hau bulo ba. Ta sauke, ta sake dannawa. Ta sake.

"Ba ta shiga. Matarsa ta ce mini tun shekaranjiya yana Abala, can kuwa in layi ya ɗauke sai ya kwana uku."

Na ji daɗi. Ku rubuto ku zage ni, na ji daɗi, ɗan lokaci kaɗan, kafin in ga Latifa ta koma ta zauna a tabarma kamar an zare mata ƙashi.

"Su wa ke gidan a lokacin?" Salamatu ta tambaya.

"Ɗakinku ba kowa," in ji Latifa. "A ƙasa akwai ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da aka mai da Gaya. Mun ɗauka shi ne, don ba ya amsa gaisuwa sosai."

"Kuna da lambarsa?"

"A'a."

Ladan ya kira azahar a masallacin tasha. Duk muka yi shiru har ya gama. Ta taga ina hango motar Bonkuku, an ɗaure buhunan gero a sama, an ɗora awaki biyu a kan buhunan. Ɗaya ta kwanta, ɗaya ta ƙi, tana tsaye tana kallon gari.

Hajiya ta sauke numfashi.

"Ji nan, Latifa. Na gaji. Tun asuba ni ka bisa hanya, kuma ba ni da ƙarhin ja-in-ja. Ba ni ƙin ki. Shekara ashirin kin riƙe mini shi, ban taɓa jin kanku ba. In ƙanena ya yi abin ga da ƙahwahunai, to ba rawa ba ta, gadonai na. In bar ki da bulonki, in koma in rufe bakin matan rijiya da kaina. Amma in ji daga bakin wani, ba naki ba. Mutum guda. Wanda yaj ji, ko wanda yak kai ƙarar. In babu, ɗauki buhun ga."

Latifa ta dubi buhun.

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe. Abin da ya fito tari ne.

Latifa ta jira kaɗan. Sannan ta jawo buhun, ta buɗe wani akwati da ke gefenta, ta fara zuba zannuwa. Ɗaya. Biyu. Ta saka karnen asibiti. Ta saka ƙwayoyin. Ta ɗauki carbin ta riƙe, ta dubi bulon, ta dubi Hajiya.

"Ba a hawa mota da wanga," in ji Hajiya.

Ta ajiye carbin a cikin buhu.

Salamatu ta shigo falon ta durƙusa kusa da ita.

"Maman Anisa, ki yafe mini. Ni na aika. Tsoro na ji, wallahi, na ɗauka wani abu ne ya same ki. Da na ƙwanƙwasa na tambaya."

"Ba komai."

"Da komai. In kika je can wani abu ya same ki, ni ce."

"Ba ke ba ce, Salamatu. Riƙe mini bakin buhun."

Ta riƙe. Amma hankalinta ba ya kan buhun. Ta dubi bulon, ta dubi ƙasan falon, ta ɗora tafin hannu a kan simintin kamar mai jin zafin jikin yaro. Matar malamin lakkwal ce, ita ma tana da nata lissafin.

A tasha direba ya danna oda, doguwa.

"Ɗan duwan ɗin nan," in ji Salamatu, "wane ɗaki yake?"

"Na bakin titi," in ji Latifa.

"Na can ƙarshe? Wanda shago ya raba da sauran?"

"Shi."

Salamatu ta saki bakin buhun. Ta juyo a hankali, tana durƙushe, ta ɗago kai ta dube ni a bakin ƙofa. Hajiya ma ta juyo. Latifa kaɗai ba ta juyo ba, hannunta ya tsaya a cikin akwati.

Oda ta sake tashi, sau biyu.

"Baba Magagi," in ji Salamatu, "ni da nake gefe, bango biyu tsakaninmu, har kwanukana ke motsi. Kai da kake ƙarƙashi ka ce kana jin ƙafa biyu na mace ɗaya, kwana tara. To ƙafa huɗu, wata biyu cur, ta ina suka bi suka wuce ka?"